Shehu Magili da Ma'aunin Gaskiya

 Jama'a masu sauraronmu a Lafagu da Gante, da Illo da Lolo da Tsamiya, da Ka'oje da Zagga da cikin garin Bagudo, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka a Segbana da Malanbil, ga sharhinmu na yau. 

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyakar nan ya san abin da mai hankali ke fara yi kafin a auna masa shinkafa ko gero. Yakan karɓi tiyar ya kifa ta, ya duba gindinta ko an bubbuge shi ya lotsa. In ya gamsu, sai ya zuba wa hannun mai awo ido, ya ga ko zai yi masa tozo ko zai shafe. In cinikin da sefa ne kuwa, sai an daidaita canji tukuna kafin a ɗaure bakin buhu. Babu mai jin haushin wannan bincike, don kowa ya san ciniki ba ya albarka sai awo ya cika.

To, maganar awo ta taɓa kaiwa har gaban sarki. Fiye da shekara 500 da suka wuce, a birnin Gawo, can sama da mu a bakin wannan kogi na Kwara da masuntanmu ke jefa koma a cikinsa, Sarkin Songai Askiya Muhammadu ya tattara tambayoyin da suka dame shi ya miƙa wa wani baƙon malami. Cikinsu har da ta 'yan kasuwa masu tauye mudu da sikeli, da masu yi wa kaya algus. Malamin ya ba shi amsa a rubuce, cewa wajibi ne sarki ya naɗa amintaccen mutum ya tsaya a kan kasuwa, ya daidaita ma'aunan gari su zama bai ɗaya, ya hukunta maha'inci. Sunan malamin Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, wanda Kanawa da Katsinawa ke kira Shehu Magili. Tarihinsa za mu bi yau, domin mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana awo. Ya auna magana, ya auna sarakuna, ya auna malamai 'yan'uwansa, har ranar da aka ɗora shi kansa a kan sikeli.

An haifi Shehu Magili a rabin farko na ƙarni na 15 a yankin Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, a ƙabilar Magila ta Barbar. Tilimsan a lokacin babban birni ne na sarakunan Banu Zayyan, cike da makarantun da sarakuna suka gina, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da waƙafin da ke ciyar da su. In an ce jami'a a yau, hankalinmu yakan tafi ga dogon gini da katin shaida da takardar digiri, irin na Aliero ko Birnin Kebbi. Jami'ar wancan zamani ta fi kama da zauren malamanmu, sai dai ta fi shi faɗi da yawan fannoni. Malami ya jingina da ginshiƙin masallaci, ɗalibai sun kewaye shi, ana biya littafi jimla bayan jimla, ana muhawara, in ɗalibi ya ƙoshi malami ya rubuta masa ijaza da hannunsa. Haka aka yi a Ƙarawiyyin ta Fas, haka aka yi a Azhar ta Alƙahira, haka aka yi a Sankore ta Tambutu. Darajar ɗalibi tana ga sunan malamin da ya ba shi karatu.

Magili ya yi dace da malamai. Ya tafi birnin Aljaza'ir wurin Shehu Abdurrahman Sa'alibi, mai tafsirin Jawahirul Hisan, ya zauna gabansa har malamin ya aura masa 'yarsa. Ya kuma yi karatu wurin Yahaya ɗan Yadir. A Tilimsan ya yi zamani da Imam Sanusi, mai littafin tauhidin nan Ummul Barahin da har gobe ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 1490. Ya ƙware a fiƙihun Malikiyya da tafsiri da hadisi da tauhidi, ya yi sharhi a kan Muhtasar na Halil. Amma fannin da ya bambanta shi da yawancin malaman zamaninsa shi ne manɗiƙi.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don da yawa cikinmu mun ji sunan ba mu san aikinsa ba. Manɗiƙi ilimi ne na gane ingantacciyar hujja daga gurguwa. In na ce duk jirgin ruwan da ya huje yana shan ruwa, kuma wannan jirgi ya huje, to dole ka yarda yana shan ruwa, don sakamakon ya fito daga cikin maganganu biyun da ka riga ka karɓa. Amma in na ce wanda ya sace mini saniya ɗan ƙauye kaza ne, saboda haka mutanen ƙauyen ɓarayi ne, nan ɗalibin manɗiƙi zai ce mini tsaya, Malam, ka ɗauki hukuncin mutum ɗaya ka ɗora wa gari. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Asalin wannan fanni daga Girka yake, wurin Aristo. Aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza, Musulmi suka gyara, suka ƙara, irin su Farabi da Ibnu Sina. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rungume shi har ya rubuta masa littafi mai suna Mi'iyarul Ilmi, wato ma'aunin ilimi. Daga Andalus, sharhin Ibnu Rushd a kan Aristo ya shiga harshen Latin, malaman Kirista a jami'o'in Faris da Okusfod suka duƙufa a kansa, suna gardama da shi suna kuma amfana. Sai dai a cikin Musulmi akwai manyan malamai, kamar Ibnu Salah da Nawawi, da suka haramta karanta shi, suna tsoron ya ɓata wa ɗalibi aƙida.

A zamanin Magili, jagoran masu haramtawa shi ne Imam Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ba ya bukatar gabatarwa a ƙasar Hausa, tunda kowane azumi da Tafsirin Jalalaini ake buɗe majalisi. Suyuɗi ya rubuta littafi musamman a kan haramcin shagaltuwa da manɗiƙi. Da labari ya kai ga Magili, sai ya aika masa da wasiƙa cikin baitoci. Hujjarsa ita ce manɗiƙi hanya ce kawai ta tsara ma'ana da tantance dalili, kuma magana ana duba ingancinta ne a kanta, ko daga bakin wa ta fito. In ta inganta a karɓa, in ta karkace a yar, kuma da gaskiya ake gane mutane. Suyuɗi ya mayar masa da amsa shi ma cikin baitoci, ya tsaya a kan ra'ayinsa, amma ya rufe da yabo da girmamawa ga abokin gardamarsa. Manyan malamai biyu, saɓani a kan halal da haram, kuma babu wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini. Wannan kaɗai ya isa darasi ga masu wa'azin zamaninmu.

A ƙasashenmu, ra'ayin Magili ne ya yi rinjaye a aikace. Waƙensa na manɗiƙi mai suna Minahul Wahhab ya zama littafin karatu a Tambutu. Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556, ya faɗa da kansa cewa ya karanta shi wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo. Kuma ga wani abu da ƙila zai ba ku mamaki. Malamin nan da ya rubuta Ahalari, littafin da kowane yaronmu ke fara koyon tsarki da salla da shi, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙen manɗiƙi da ya shahara a duk Afirka ta Yamma. Kakanninmu ba su ga karo tsakanin alwala da aiki da hankali ba.

Daga Tilimsan, Magili ya gangara kudu zuwa Tuwat, jerin garuruwan dabino a tsakiyar Sahara, ya zauna a Tamantit. Tuwat zango ce ta ayarin raƙuma masu ɗauke da gishiri da tufafi da littattafai zuwa kudu, su komo da zinariya. Ruwa a can ya fi kuɗi tsada. Ta ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi cikin dogayen magudanai, kuma akwai mutane na musamman da sana'arsu ita ce awon ruwa, da faranti na tagulla mai huda-huda, don kowace gona ta sami rabonta daidai. Sana'ar tana nan har yau, hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun da ke bukatar kariya a 2018. A irin wannan ƙasa Magili ya yi shekaru yana karantarwa.

A nan kuma aka yi abin da ya fi komai nauyi a tarihinsa, kuma ba za mu tsallake shi ba, don wanda ya ɓoye rabin tarihi ya tauye mudu. Akwai Yahudawa a Tuwat tun ƙarnoni kafin zuwansa, 'yan kasuwa da maƙeran zinariya, suna zaune ƙarƙashin amanar Musulmi. Magili ya ga sun sami ƙarfi da kusanci da shugabanni, ya yanke cewa sun karya sharuɗɗan amana, kuma dole a rushe wurin ibadarsu na Tamantit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ce a'a, amanarsu tana nan, wurin ibadarsu tsoho ne, shari'a ta kare shi. Aka aika wasiƙu Fas da Tilimsan da Tunis ana neman fatawa. Malamai suka rabu. Ibnu Zakri, muftin Tilimsan, ya hana rushewa. Tanasi ya goyi bayan Magili, Sanusi ya ƙarfafa shi. Wansharisi ya tattara waɗannan fatawoyi cikin babban kundinsa Mi'iyar, suna nan ana karantawa. A wajajen 1490 Magili da mabiyansa suka rushe wurin, aka zubar da jini, al'ummar da ta daɗe a wurin ta watse. Ni mai wannan sharhi, a wannan mas'ala ina bayan Alƙali Asnuni. Amana amana ce, kuma wanda aka ba kariya ba a mayar da shi abin farauta. Girman Magili bai sa kuskurensa ya zama daidai ba, kuma shi da kansa ya koya mana cewa magana ake aunawa kafin a dubi mai ita.



Bayan wannan rikici, zaman Magrib ya yi masa wuya, sai ya fuskanci ƙasar baƙar fata. Ya bi ta Ahir, ya sauka a Takedda, garin tagulla, ya karantar. Cikin waɗanda suka zauna gabansa a can akwai Al'aƙib Al'ansamani, da Aida Ahmad Attazahti, wanda daga baya ya zama alƙalin Katsina, Katsinawa ke kiransa Ɗan Takum. Daga nan ya shigo ƙasar Hausa, ya zauna a Katsina da Kano. Katsinawa har yau suna haɗa sunansa da karatun da aka yi a Gobarau.

A Kano ya tarar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sarkin da ya gina Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Tarihin Kano ya ambaci zuwan malamin da littattafai masu yawa, da yadda ya sa aka gina masallacin Juma'a, aka sare itacen da ake tsafi a gindinsa. Zuriyarsa ta zauna a unguwar Sharifai, kuma sarautar Sidi Fari tana tuna wannan asali. Akwai wasiƙar da ya rubuta wa Rumfa a shekarar 897 ta Hijira, wato wajen 1492, a kan yadda sarki zai hana ɓarna. Amma babban abin da ya bari shi ne ɗan littafin nan Tajuddini, a kan abin da ya wajaba ga sarakuna.

Littafin ƙarami ne, babi takwas, mutum zai iya karance shi tsakanin la'asar da magariba. Ya fara da gyaran niyya, cewa mulki amana ce da za a yi hisabi a kanta. Ya bi da kamalar sarki a shigarsa da zamansa, sannan tsarin fada: waziri, ma'aji, magatakarda, masu lissafi, alƙalai, masu tsaro, likitoci. Ya yi magana a kan taka-tsantsan a gida da tafiya, da wajibcin sarki ya binciki al'amura da kansa kada ya dogara da abin da fadawa suka kawo masa. Ya yi babi a kan adalci a shari'a, ya rufe da babi biyu a kan dukiya, inda ya halatta a samo ta da inda ya wajaba a kashe ta. Akwai gargaɗi guda da yake ta maimaitawa a ƙarshen babobin, a kan sarkin da ya shige gida ya rufe ƙofa, talaka ba ya iya ganinsa. A wurin Magili, daga nan duk wata masifa ta mulki take farawa.

Babin dukiya ya kamata a karanta shi da babbar murya a kowace ƙasa ta bakin iyaka. Magili ya lissafa hanyoyin da shugaba ke cin haram yana kiransu haraji. Akwai karɓar kuɗi kafin a naɗa mutum alƙali ko wani muƙami. Akwai rashawa, da toshiyar da ake sa wa sunan kyauta. Akwai kuma kuɗin da ake tatsa daga fatake a hanya ba bisa haƙƙi ba. Direban da ya ɗauko albasa ko shinkafa, ya tsaya a shinge goma kafin ya kai kasuwa, yana miƙa na goro a kowane ɗaya ba tare da rasit ba, ba ya bukatar a fassara masa wannan babi. Kuɗin nan kuma ba a aljihun direba yake tsayawa ba, yana bin buhu har cikin tukunyar marainiya.

Daga ƙasar Hausa Magili ya wuce Gawo, wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songai a 1493 bayan ya kayar da ɗan Sonni Ali. Askiya ya yi hajji, ya gana da Suyuɗi a Alƙahira, ga shi kuma yanzu yana tambayar abokin gardamar Suyuɗi. Tambayoyi bakwai ya yi, kuma ta farkonsu ta fi ta kasuwa zafi. Ya ce ƙasarsa cike take da masu kiran kansu malamai, suna da littattafai, suna da mabiya, amma da yawansu ba su fahimci abin da suke karantawa ba, to wa zai bi? Magili ya raba masa malamai gida biyu. Akwai ma'abota ambato, waɗanda iliminsu da tsoron Allahnsu suka tabbata, suna gyara jama'a. Akwai kuma malaman banza, masu cin dukiyar mutane da sunan addini, masu halatta wa sarki abin da ransa ke so, kuma ya ce ɓarnarsu ta fi ta kowa. Ma'aunin da ya ba Askiya mai sauƙi ne: a dubi ilimin mutum, a dubi aikinsa, a dubi abin da ke biyo bayan maganarsa a cikin jama'a, gyara ne ko ɓarna. A cikin amsoshin nan ne kuma ya yi bayanin mujaddadi da ke zuwa a kan kowane ƙarni, ya yanke hukunci mai tsanani a kan Sonni Ali da masu haɗa Musulunci da tsafi.

Yana Gawo labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat, a ci gaban rikicin da ya baro. Kowane uba ya san abin da wannan labari ke yi wa zuciya. Cikin zafin rai, Magili ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke zaune a Gawo, kuma Askiya ya kama su. Fatake ne da baƙi, suna nesa da inda aka yi kisan tafiyar makonni a kan raƙumi. Ku tuna misalin saniya da ƙauye. Malamin da ya rubuta littafi a kan auna hujja, ga shi baƙin ciki ya sa ya ɗora laifin wasu a kan duk wanda ya fito garinsu.

Wanda ya tsaya ya ce ba a yi daidai ba shi ne Mahmudu ɗan Umar Aƙit, alƙalin Tambutu, wanda aka haifa a 1463, wato Magili ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya ce mutanen nan ba su aikata komai ba, babu hujjar tsare su. Askiya ya saurara, aka sake su. Ahmad Baba ne ya kawo wannan labari a littafinsa Nailul Ibtihaj, kuma Alƙali Mahmudu ƙanen kakansa ne. Abin lura, a shafin da ya yabi Magili da ilimi da jarumta da kishin sunna, a nan ya rubuta wannan ma, bai ɓoye ba. Haka malaman dauri suke rubuta tarihin manyansu. Magili ya koma Tuwat, ya rasu a can a shekarar 909 ta Hijira, wajen 1504, kuma kabarinsa yana yankin Adrar na Aljeriya, ana ziyartarsa har yau.

To, ina ruwan mutumin Lafagu da malamin da ya rasu a tsakiyar Sahara? Ruwansa da yawa. Ƙasar nan da muke zaune a kanta tana cikin labarin tun farko. Askiyan da ya yi wa Magili tambayoyi shi ne ya kawo yaƙi Borgu wajen 1505, ya sha wuya ƙwarai. Shi ne kuma ya tafi yaƙin Agadas tare da Kanta, suka saɓa a kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle wajen 1516 ya kafa daular Kabi mai hedikwata a Surame. Ka ga, rashin cika awo a rabo ya raba sarki da babban jaruminsa. Bayan Maroko ta rushe Songai a 1591, ragowar Askiyoyi Dandi suka gangaro, nan maƙwabtanmu.

Amma babbar igiyar da ta ɗaure mu da Magili ta tawada ce. Bayan shekara 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauko amsoshin da aka ba Askiya ya kafa hujja da su a littafinsa Sirajul Ihwan. Ƙanensa Malam Abdullahi, Mai Gwandu, wanda Bagudo ke cikin masarautarsa har yau, shi ma ya sha daga wannan rijiya. Ana cikin jihadi, Malam Abdullahi ya ga son duniya da neman muƙami sun fara shiga zukatan mutane, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar hajji. Da ya isa Kano, jama'arta suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. A nan, wajen 1807, ya rubuta Liya'ul Hukkam, ya kuma zuba nasihar Magili ga sarakuna a cikinsa. A birnin da aka rubuta wa Rumfa nasiha, a nan aka sake rubuta ta ga sababbin shugabanni, sannan mai rubutun ya komo yamma ya rasu a Gwandu a 1829. Wato alƙalan da suka yi shari'a a ƙasarmu, da malaman da suka karantar da kakanninmu, da wannan ma'auni aka tarbiyyantar da su.

Jama'a, mu mutanen iyaka mun fi kowa bukatar wannan gado. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Busanci, wani ma ya haɗa da Faransanci. Manomi da makiyayi da masunci rijiya ɗaya suke sha. A irin wannan wuri, ƙaramar magana mara awo tana iya cinye gari. Yau saƙon murya yana shigowa waya ta WhatsApp, ba a san wanda ya yi shi ba, ana cewa 'yan ƙabila kaza sun yi kaza, kafin la'asar ya zaga ƙauye goma. An yi ɓarna a gona ɗaya, sai a ce duk rugar da ke kusa ta tashi. An kama baƙo ɗaya da laifi, sai a fara hararar duk wanda ya ƙetaro. Wannan shi ne kamun mutanen Tuwat a Gawo, kuma in har malami kamar Magili ya faɗa cikinsa a ranar baƙin ciki, ni da kai ba mu fi ƙarfinsa ba. Abin da ya ceci fataken nan shi ne an sami mutum ɗaya da ya iya cewa babba ya yi kuskure, aka kuma sami sarkin da ya ji. Kowane gari yana bukatar irin Alƙali Mahmudu, kuma yana bukatar hakimi da dagaci da shugaban ƙaramar hukuma da ƙofarsu ke buɗe har maganarsa ta iso gare su.

Ina kira ga malamanmu na zaure da na Islamiyya, ku dawo da Sullam da ire-irensa cikin karatu, ko da ga manyan ɗalibai ne, don yaron da ya iya bambance hujja da hayaniya ba a saurin jansa zuwa daji da sunan addini. Ina kira ga 'ya'yanmu da ke jami'a, ku nemi Tajuddini ku karanta, an fassara shi, ba shi da tsawo, ku ga cewa maganar shugabanci nagari an rubuta ta a Kano tun kafin Turawa su san hanyar Kwara. Ku kuma iyayenmu da ke sauraro a gindin bishiya ko a bakin gona, kun riga kun iya abin da ake nema. Yadda kuke kifa tiya ku duba gindinta kafin a auna muku, haka za ku riƙa yi wa duk labarin da aka kawo muku, ko daga bakin wa ya fito. Ranar da fushi ya taso kuma, ranar da aka taɓa naka, to a ranar ce ya fi kamata mutum ya kifa tasa tiyar ya duba, kafin ya auna wa wani.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya amfane mu da iliminsu, Ya zaunar da iyakarmu lafiya.